Hutun da Ke Karya Tsoho: Nazari Kan Ƙarfin Jikin Dattawa a Tambuwal da Kebbe

A garuruwan Tambuwal da Kebbe, daga Dogon Daji da Sanyinna har zuwa Kuchi, dattawa suna ajiye aikin ƙarfi tun da sauran ƙarfinsu. Iyayensu kuwa a zamaninsu ba sa rabuwa da fartanya sai jiki ya ƙi gaba ɗaya. Wannan sauyi yana da dalilai, kuma jikin tsofaffi ne ke biyan kuɗinsa.

Dalili na farko shi ne na'ura. Injin niƙa ya karɓe aikin turmi da taɓarya, babur ya rage tafiyar ƙasa zuwa gona da kasuwa, injin ban-ruwa ya kori jigo daga fadama, maganin feshi kuma ya rage noman ciyawa. Na biyu rashin tsaro ne, musamman a Kebbe mai iyaka da Zamfara, inda tsoron 'yan bindiga ya raba manoma da gonakinsu na nesa. Na uku ya fi wuyar faɗa, domin daga ladabi ya fito. Da zarar Baba ya sunkuya zai ɗauki kaya, sai ka ji, “Baba, kawo in ɗauka.” Inna ta miƙa hannu ga guga, a ce, “Zauna ki huta, ai kin yi naki.”

Tsoka kuwa ba ta san ladabi ba, aiki kawai ta sani. Daga shekara 30 mutum kan rasa kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari na tsokarsa a kowace shekara goma, kuma asarar na ƙara sauri bayan 60, balle ga wanda ya zauna. Alamun a fili suke: dattijo ya dafa ƙasa da hannu biyu kafin ya tashi daga tabarma, ɗagowa daga sujada ya zama aiki, tsugunno a bayan gida ya gagara, daga nan sai salla a kan kujera. Tsoka ce ke shanye mafi yawan sukarin da ke cikin jini, don haka ƙanƙancewarta na buɗe wa ciwon suga ƙofa. Ƙashin da ba ya ɗaukar nauyi yakan yi rauni, ga ƙafa ba ƙarfi, sai faɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe mutum 684,000 a shekara, kuma waɗanda suka haura 60 ne abin ya fi ci.

Abin ƙarfafa gwiwa shi ne, ƙarfin yana dawowa. A 1990, Dakta Maria Fiatarone ta sa tsofaffi goma masu shekara 86 zuwa 96 a wani gidan kula da tsofaffi a Boston ta Amurka suna ɗaga nauyi da ƙafa. Cikin mako takwas, ƙarfin ƙafafun waɗanda suka kammala ya ninka fiye da sau biyu, tafiyarsu ma ta gyaru.

Wannan ba kira ne na a mayar da tsoho gona cikin zafin rana ba. Noman hannu ya ci gwiwa da bayan mutane da yawa, kuma sauƙin da na'ura ta kawo alheri ne. Matsalar ita ce an cire wahala ba a sa komai a gurbinta ba. Abin da jiki ke buƙata shi ne nauyi daidai gwargwado, a kai a kai, damina da rani. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ta ce mai shekara 65 zuwa sama ya ƙarfafa tsokarsa aƙalla kwana biyu a mako.

Wannan ba ya cin ko sisi. Dattijo ya zauna a benci ya miƙe sau goma ba tare da dafa komai ba. Ya tura bango da hannuwa, ya dafa ƙyaure ya riƙa ɗaga dugadugansa, ya ɗauki jarka mai rabin ruwa ya zaga tsakar gida, yana ƙara ruwan sannu a hankali. Tsoka kuma ba ta ginuwa da tuwo da fura zalla, sai an haɗa da wake, ƙuli-ƙuli, nono ko kifi. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara ganin ma'aikacin lafiya, kada kuma ya riƙe numfashi yayin ɗaga nauyi.

Ma'aikatan ƙananan asibitocin ƙauye za su iya koyar da wannan a ranar awon jini, limamai su tunatar bayan salla. Amma babban nauyin yana kan 'ya'ya da jikoki. Duk aikin da Baba ko Inna ke iya yi ba tare da cutuwa ba, a bar musu abinsu, a tsaya kusa don taimako idan sun nema. Girmama iyaye ya haɗa da kare musu ƙarfin tsayuwa da ƙafarsu.