Allura Ɗaya, Sirinji Ɗaya, Yaro Ɗaya

Cutar ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C suna iya yaɗuwa ta allurar da ta taɓa jinin wani. Saboda haka muke horar da ma'aikatanmu su yi rigakafi da sirinji mai kulle kansa bayan amfani ɗaya, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka yi kira a 1999. Ma'aikaci ba ya mayar wa allura murfi, don kada ta soke shi. Nan take yake jefa ta cikin kwalin da aka tanada. Haƙƙinku ne a ɓare sabon sirinji a gabanku. In ba ku gani ba, ku tambaya.