Tsakanin Cin Rani da Ƙaura: Izinin Aiki a Ƙasashen Waje Bayan Gama Karatu

Mutanen arewacin Zamfara, watau na ƙasashen Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, ba baƙin tafiya ba ne. Kasuwar Shinkafi ta daɗe tana tara fatake daga Gobir da Katsina da ƙasar Nijar, hanyar jirgin ƙasa kuwa da ta taso daga Zariya ta bi ta Gusau, a Ƙauran Namoda ta tuƙe cikin 1929. A ƙidayar da aka yi a ranin 1952 zuwa 1953, wadda R. M. Prothero ya yi nazarinta, an sami fiye da mutum 250,000 waɗanda suka fita daga Lardin Sakkwato, ko suka ratsa ta cikinsa, don neman abin masarufi. Saboda haka Bazamfare ya san bambancin kalmomi biyu, cin rani da ƙaura. Ɗan cin rani ya kan fita bayan kaka ya komo da bazara, gonarsa tana jiransa. Mai ƙaura kuwa ya kwashe komatsansa ke nan.

Wannan takarda ta shafi wata sabuwar tafiya da ta faɗa tsakanin waɗannan biyu, ita ce ta ɗalibin da ya gama karatu a ƙasar waje, ya ke kuma so ya tsaya can ya yi aiki. Abin da za a nuna shi ne, samun wannan izini ko rashinsa galibi ya kan tabbata tun kafin ɗalibi ya bar gida, gama abu uku ke yanke hukunci: ƙasar da ya zaɓa, da fannin da ya karanta, da wanda ya biya masa kuɗin makaranta.

Yadda al'amarin ya ke a dā

Sa'ad da aka tura malaman Arewa na farko zuwa Jami'ar London cikin 1945, har da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Yahaya Gusau, babu wanda ya yi zancen tsayawa can. Haka kuma da aka tura su Malam Abubakar Gumi zuwa Bakht er-Ruda ta ƙasar Sudan cikin 1954. Dalili kuwa a fili ya ke: hukuma ce ta tura su, aiki kuma yana jiransu a gida, gama a lokacin masu ilmin zamani sun yi wa Jihar Arewa kaɗan ƙwarai. Ba doka ce ta hana su zama ba. Kafin 1962 mutumin ƙasashen Kwamanwel yana iya shiga Ingila ya kama aiki ba tare da neman izini ba. Dokar shige da fice ta 1962 ce ta fara ɗora sharaɗin takardar aiki. Ashe a dā ƙofa tana buɗe, ba mai sha'awar zama. Yanzu masu sha'awa sun yi yawa, ƙofar kuwa ta ƙuntata.

Takardu uku

Wajibi ne a rarrabe takardu uku waɗanda jama'a su kan haɗa su wuri guda. Ta fari ita ce fasfo, wanda ƙasar mutum ke ba shi don shaida cewa ɗanta ne. Ta biyu ita ce bizar karatu, wadda ƙasar da za a je ke bayarwa, ranta kuma yana ɗaure da na karatun: in karatu ya ƙare, ita ma ta kusa ƙarewa. Ta uku ita ce izinin aiki, wanda a yawancin ƙasashe ba ma'aikaci ke nemansa shi kaɗai ba, sai wani kamfani ko asibiti ko jami'a ta tsaya masa, ta shaida cewa tana bukatarsa, za ta kuma biya shi albashin da doka ta ƙayyade.

Tsakanin ta biyu da ta uku akwai rami, gama da wuya a ɗauki mutum aiki ran da ya karɓi sakamakon jarrabawa. Waɗansu ƙasashe sun gina gada bisa wannan rami, watau izini na ƙayyadaddun watanni wanda a cikinsa sabon mai digiri zai nemi aiki. Waɗansu kuwa ba su gina ba. Wannan shi ne babban bambanci.

Ƙasashe masu gada

Ingila ta taɓa ba da irin wannan izini, ta soke shi cikin Afrilu 2012, sa'an nan ta komo da shi ran 1 ga Yuli 2021. Mai digirin farko ko na biyu ya kan sami shekara 2, mai digiri na uku shekara 3, yana iya yin kowane irin aiki ba tare da wani ya tsaya masa ba. Amma tilas ya nema yana cikin ƙasar, kafin bizar karatunsa ta mutu, kuma sau ɗaya tak a ke bayarwa, ba a sabuntawa. Cikin 2025 gwamnati ta yanke cewa daga 1 ga Janairu 2027 shekara biyun nan za ta koma wata 18. Wanda ya ke so ya zarce, sai ya sami bizar ƙwararren ma'aikaci, wadda mafi ƙarancin albashinta na gama-gari ya tashi zuwa fam 38,700 a shekara cikin Afrilu 2024, ya kuma kai fam 41,700 cikin Yuli 2025, ko da ya ke ana yi wa sababbin masu digiri rangwame na ɗan lokaci. Ga kuma harajin asibiti, wanda aka mai da shi fam 1,035 a kowace shekara cikin 2024, ana kuwa biyansa gaba ɗaya tun wajen neman bizar.

Kanada tana auna tsawon izinin da tsawon karatun. Kwas ɗin da bai kai wata 8 ba, ba ya jawo komai. Wanda ya kai shekara 2 ko fiye ya kan jawo izinin shekara 3, haka kuma digiri na biyu tun daga 2024. Shi ma sau ɗaya a ke samunsa a rayuwa. Tun Nuwamba 2024 sai an ci jarrabawar Turanci ko Faransanci, masu difiloma kuwa sai fanninsu ya kasance cikin jerin waɗanda ƙasar ke ƙarancin ma'aikata a cikinsu. Amfaninsa shi ne, aikin gwaninta na shekara guda a cikin ƙasar yana buɗe hanyar neman zama na dindindin.

Jamus tana ba wanda ya gama jami'arta wata 18 na neman aiki, muddin ya nuna yana da abin ciyar da kansa da inshorar lafiya. In ya sami aikin da ya dace da karatunsa, ya yi shekara 2 yana yi, ya kuma iya Jamusanci gwargwado, yana iya neman zama na dindindin. Faransa kuwa wata 12 ta ke ba mai digiri na biyu.

Amurka tana da izinin koyon aiki da a ke kira OPT, na wata 12, wanda tilas aikin ya dace da fannin karatu. Masu kimiyya da fasaha da injiniya da lissafi suna iya ƙara wata 24. Wanda ya zauna ba aiki fiye da kwana 90 cikin shekarar farko, izininsa ya ɓaci. Bayan wannan sai bizar H-1B, wadda kamfani ke nema, adadinta kuwa 65,000 ne a shekara, da ƙarin 20,000 domin masu babban digiri na jami'o'in ƙasar, har ya zama sai an yi ƙuri'a. Har wa yau cikin Disamba 2025 gwamnatin Amurka ta sa Nijeriya cikin ƙasashen da ta taƙaita ba 'ya'yansu waɗansu bizoji, har da ta karatu.

Abin lura a nan shi ne, da yawa daga cikin waɗannan dokoki sun sāke cikin 'yan shekaru kaɗan. Yaron da ya shiga jami'a bisa wata ƙa'ida yana iya fitowa ya tarar da wata.

Ƙasashen da ba su da gada

Amma fa ɗaliban wannan yanki da yawa ba waɗancan ƙasashe su kan nufa ba. Sun fi zuwa Sudan da Masar da Sa'udiyya da Indiya da Arewacin Saifurus da Nijar, saboda sauƙin kuɗi, ko kusancin addini da al'ada, ko kuwa don can gwamnatin jiha ta tura su. A nan ne a ka fi yin kuskure.

A Sa'udiyya takardar zama, watau iƙama, wadda Hausawan can ke ce wa igama, tana rataye ne a wuyan mai tsaya wa baƙo. Ɗalibin Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda aka kafa cikin 1961, jami'ar ce mai tsaya masa, in ya sauke karatu ana sa ran ya koma ya karantar da mutanensa. Mai son aiki sai ya sami kafili, watau wanda zai ɗauke shi aiki ya nema masa sabuwar takarda. Tun 2011 kuma akwai tsarin da ya tilasta wa kamfanoni ɗaukar 'yan ƙasa gwargwadon wani adadi. A Indiya bizar karatu ba ta halatta aikin albashi ba, bizar aiki kuwa bisa ga ƙa'ida sai albashi ya wuce wani ƙayyadadden adadi a shekara, abin da sabon mai digiri ba safai ya kan samu ba. Sudan kuwa, yaƙin da ya ɓarke cikin Afrilu 2023 ya sa aka kwaso ɗaliban Nijeriya ta kan iyakar Masar, waɗansu ba su ko gama ba.

Akwai wata ƙofa kusa da gida wadda a kan manta da ita. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ba biza har kwana 90, ƙarin da aka yi cikin 1986 kuma ya ba shi damar zama don neman aiki. Saboda haka mai digiri daga Gana ko Sanagal yana da haƙƙin da takwaransa na Ingila ba shi da shi. Sai dai Nijar, wadda ƙasar Zurmi ke iyaka da ita, ta fita daga ƙungiyar tare da Mali da Burkina Faso ran 29 ga Janairu 2025. Tarihi kuma ya nuna zaman baƙo ba shi da tabbas ko tsakanin maƙwabta: Gana ta kori baƙi cikin 1969, Hausawa da yawa suna ciki, Nijeriya ma ta yi haka cikin 1983.

Igiyar gida

Ko da ƙasar waje ta yarda, akwai igiyar da ke ja daga gida. Malamin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, wadda aka kafa cikin 1983, in asusun TETFund ya biya masa karatu, ya kan sa hannu a kan alkawarin komowa ya yi wa makarantarsa aiki na waɗansu shekaru, da masu tsaya masa. Asusun ya dakatar da tura malamai waje daga Janairu 2025, dalilan da ya bayar kuwa su ne tsadar kuɗin waje da yawan waɗanda ba su komo ba. Ashe wanda ya karya alkawari ba kansa kaɗai ya ɗaukar wa bashi ba, ya rufe wa na bayansa ƙofa. Tallafin Chevening na Ingila ya shar'anta komawa gida har shekara 2. Dokar Ingila ma ta ce wanda wata gwamnati ta ɗauki nauyin karatunsa da ciyarwarsa, sai ya kawo yardarta a rubuce kafin a ba shi izinin zama bayan karatu.

Mai komowa shi ma yana da nasa matakai. Dokar yi wa ƙasa hidima ta 1973 ta hau kan wanda ya gama digiri bai wuce shekara 30 ba, ko a ina ya yi karatun, kuma ba a ɗaukar mai digiri aikin gwamnati sai da takardar gamawa ko ta yafewa. Likitan da ya yi karatu a waje kuwa sai ya ci jarrabawar majalisar likitoci ta Nijeriya kafin ya taɓa majiyyaci.

Abin da ke cikin haɗari

Iyali a Shinkafi ko Zurmi su kan sayar da shanu ko gona don yaro ya fita, suna sa rai zai yi aiki can ya mai da abin da aka kashe. Rashin tsaro, wanda ya kai ga rufe kasuwannin mako da katse wayar salula a jihar cikin Satumba 2021, ya ƙara wa matasa ƙin komowa. In ƙasar da aka zaɓa ba ta da gada, lissafin ya rushe tun daga tushe. Yaron da kunya ta hana shi komowa hannu wofi, ya zarce bayan takardarsa ta mutu, ya shiga wahala mafi girma: ba ya iya aikin fili, ba ya iya kai ƙara in an cuce shi. A Amurka wanda ya wuce wa'adi da kwana 180 ana hana shi komawa shekara 3, wanda ya wuce da shekara guda kuwa shekara 10. A gefe guda kuma asibitocin Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi da makarantunsu suna bukatar waɗannan yara ainun.

Saboda haka ya kamata malaman da ke horad da matasa su koya musu yin tambaya huɗu tun kafin a biya kuɗin makaranta. Shin ƙasar tana ba da izinin aiki bayan karatu, na wata nawa? Shin wannan makaranta da wannan kwas suna cikin waɗanda dokar ta amince da su? Wane alkawari aka ɗauka wa mai biyan kuɗi? Shin takardar shaidar za ta karɓu a Nijeriya in an komo? Amsoshin kuwa a nemo su daga ofishin jakadancin ƙasar ko shafinta na hukuma a intanet, ba daga bakin dillali ba, a kuma sāke dubawa shekarar da za a gama.

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Izinin aiki bayan karatu, a inda a ke ba da shi, cin rani ne mai ƙidayayyun kwanaki. Kaɗan ne daga cikin masu riƙe da shi ya kan zame musu ƙaura. Wanda ya san haka tun yana gida zai tsara tafiyarsa yadda ko ya zauna ko ya komo, ba zai yi hasarar shanun ubansa da shekarun ƙuruciyarsa a banza ba. Tun ran gini, ran zane.