Kwikwiyo Mai Yawan Zawo

'Yan'uwa manoma, kwikwiyon da muke sa rai zai tsare mana awaki da rumbu, sau da yawa zawo yakan kashe shi tun bai girma ba. Sauran miyar gida takan jawo haka: barkono da mai suna ɓata masa ciki, albasa kuwa guba ce ga kare. Madarar shanu ma takan sa shi zawo.

Kada a raba shi da uwarsa kafin mako 8. A ba shi shinkafa da ƙwai dafaffu, kaɗan-kaɗan, sau 4 a rana, da ruwa mai tsabta. Malamin dabbobi zai ba shi maganin tsutsar ciki. In ana ganin amai da kashin jini, a kai shi ran nan. Dabba ma amana ce daga Ubangiji.