Minshari Mai Yanke Numfashi, Da Abin Sawa A Baki Don Maganinsa

Ba safai a kan ɗauki minshari da muhimmanci ba. In an ji mutum yana yi sai a yi dariya, a ce ya ƙoshi ne, ko kuwa gajiyar aiki ce ta kama shi. Sau da yawa kuwa hakanan ne, gama minshari shi kaɗai ba cuta ba ne. Amma akwai wani iri dabam, wanda iyalin mai yinsa sun san shi sarai ko da ba su san sunansa ba. Mutum yana cikin minshari mai ƙarfi sai a ji tsit, kamar an toshe masa baki. Ƙirjinsa yana ta motsi, amma ba iskar da ke shiga. Can sai ya zabura da gurnani kamar wanda aka shaƙe, ya ja numfashi biyu ko uku, ya koma minshari. Haka zai dinga yi har asuba, da safe kuwa bai san an yi ba. Wannan shi ne yankewar numfashi cikin barci, a bakin likitoci afniya.

Kada a haɗa shi da ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke kawowa, wanda kuma saboda shi aka yi aikin Anchau a ƙasar Zazzau, aka kafa garin Takalafiya wajen ƙarshen shekarun 1930. Wancan ƙwayar cuta ce a cikin jini, yana zuwa da zazzaɓi da kaluluwa a wuya. Wannan kuwa ba ƙwayar cuta a cikinsa, ba a kuma ɗaukarsa daga wani. Toshewar hanya ce kawai.

Yadda Hanyar Ke Toshewa

Daga bayan hanci zuwa maƙogwaro akwai wani wuri inda hanyar iska ba ta da ƙashi ko guringuntsi mai riƙe ta. Nama ne zalla: gindin harshe, da nama mai taushi na ƙarshen ganɗa, da beli. Muddin mutum yana farke naman nan a ɗaure ya ke, hanya a buɗe. Da barci ya yi nauyi sai ya saki. Ga yawancin mutane hanyar ta kan ƙuntata kaɗan, ba wata illa. Amma ga wanda tasa ƙunci gare ta tun asali, ko don kitse a wuya, ko don girman harshe, ko don haɓarsa ƙarama ce ta koma baya, sai bangon hanyar ya riƙa karkarwa in iska ta wuce. Karkarwar nan ita ce minshari. In abin ya ƙaru sai bangon ya manne ɗungum. Ƙirji kuwa kamar zugazugin maƙeri ne wanda aka danne wa baki: ana ta ja, ba abin da ke shiga, kuma gwargwadon ƙarfin ja gwargwadon mannewa.

Sa'an nan iskar oksijin ta fara raguwa cikin jini. Ga mai lafiya ma'auninta ya kan tsaya a 95 cikin 100 ko fiye, amma ga mai wannan ciwo ya kan sauka ƙasa da 90, in ya yi tsanani har 80 ko ƙasa da haka. Ƙwaƙwalwa sai ta farkar da shi na ɗan lokacin da bai isa ya tuna ba, nama ya ɗaure, hanya ta buɗe. Kowace farkawa zuciya ta kan ƙara bugu, jini ya hau. Wanda ya yi haka sau 200 ko 300 a dare guda ya kwana a gado, amma bai yi barci ba.

Illarsa da rana ta ke bayyana. Mutum ya tashi da ciwon kai da bushewar baki, ya yi ta gyangyaɗi a zaure ana cikin magana, ya zama mai mantuwa da saurin fushi. Da dare kuma ya tashi fitsari sau uku ko huɗu. In an daɗe ba magani ciwon ya kan tafi tare da hawan jini, musamman irin wanda ba ya jin ƙwaya, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da ciwon sukari. Abin da ya fi shafar jama'a shi ne tuƙi. Binciken likitoci ya nuna direba mai wannan ciwo, in ba ya magani, hatsarin da ke kansa ya fi ninki biyu na sauran direbobi. Goro da shayi mai kauri su kan tsai da ido na ɗan lokaci, amma ba su biyan bashin barci, kuma motar da ta ɗauko mutum 18 ba wurin gwada ƙarfin goro ba ce.

Ciwon ba na 'yan kaɗan ba ne. A 2019 masana sun ƙiyasta mutum wajen miliyan 936, masu shekara 30 zuwa 69, suna da shi a duniya, kaɗan ko da yawa. Ya fi kama maza da masu jiki, mata kuma ya kan ƙaru gare su bayan sun daina al'ada. Duk da haka ba a gane shi sosai ba sai a 1965, sa'ad da likitoci a Faransa da Jamus suka auna masu barci da na'ura, suka ga ashe gyangyaɗin rana daga yankewar numfashin dare ya ke.

Yadda A Ke Gane Shi

Mai ciwon shi ne na ƙarshe da zai sani. Shaida tana wurin wanda ke kwana kusa da shi, watau matarsa, ko abokin tafiya, ko bara mai kwana a ƙofar ɗaki. A nan kunya ta kan yi ɓarna, domin mace ba ta son faɗa wa maigida abin da zai ga kamar raini ne, bara kuwa ba shi da bakin magana. Yanzu wayar hannu ta sauƙaƙa wannan: a ɗauki muryarsa yana barci minti 10 ko 15, a sa masa ya ji da kunnensa.

A 2008 likitoci a birnin Toronto na ƙasar Kanada suka shirya tambayoyi 8 waɗanda kowane mai karatu zai iya yi wa mutum. Yana minshari mai ƙarfi? Yana fama da gajiya ko gyangyaɗi da rana? An taɓa ganin numfashinsa ya tsaya cikin barci? Yana da hawan jini? Yana da ƙiba ƙwarai? Ya wuce shekara 50? Kaurin wuyansa ya kai inci 16, watau santimita 40? Namiji ne? Wanda ya amsa i sau 3 ko fiye ya kamata likita ya duba shi. Wanda ya kai 5 kuwa kada ya yi jinkiri.

Amma tambaya zato ce kawai. Tabbaci sai da awon barci. A kan kwantar da mutum dare guda a asibiti, a manna masa wayoyi a ka da ƙirji da yatsa da ƙarƙashin hanci, na'ura ta rubuta zurfin barcinsa da numfashinsa da bugun zuciya da oksijin. Akwai kuma ƙaramar na'ura wadda a kan ba mutum ya kwana da ita a gida. Duk tsayawar numfashi ta daƙiƙa 10 ko fiye, watau gwargwadon a ƙirga ɗaya zuwa goma a hankali, ana ƙidaya ta, haka kuma raguwarsa mai yawa. In jimla ta kama daga 5 zuwa 14 a cikin awa guda, ciwon mai sauƙi ne. Daga 15 zuwa 29 matsakaici. 30 ko fiye mai tsanani. Wannan lamba ita ce likita ke dubawa, tare da halin mutumin, kafin ya zaɓi magani. Ɗakin awon barci ba a kowane asibiti a ke samunsa ba, don haka a fara da likitan asibitin da ke kusa, shi zai rubuta takarda zuwa gaba. Manyan asibitocin koyarwa, kamar na Shika a Zariya da na Malam Aminu Kano a Kano, suna da sashen kunne da hanci da maƙogwaro, da kuma sashen haƙori.

Magani

Maganin da ya fi ƙarfi inji ne mai hura iska, wanda a ke kira CPAP. Likita Colin Sullivan ne ya fito da shi a birnin Sidni na ƙasar Ostareliya, ya bayyana shi a 1981. A kan ɗaura wa mutum wani marufi a hanci, injin ya riƙa tura iska a hankali, iskar ta tokare hanya kada ta manne. Ga mai ciwo mai tsanani shi a ke fara ba shi. Sai dai yana da tsada, waɗansu ba su iya jure marufin, kuma yana bukatar wutar lantarki daga kwanciya har asuba kowane dare. Wanda ya san halin wuta a gundumomi ya san nauyin wannan sharaɗi.

Shi ya sa abin sawa a baki ya cancanci a san shi. Dabararsa kowa zai iya gwadawa a kan kujerarsa. Mutum ya saki haɓarsa ta koma baya, ya kwaikwayi minshari: zai ji ya fito ba wuya. Sa'an nan ya tura muƙamuƙin ƙasa gaba har haƙoran ƙasa su wuce na sama, ya sake gwadawa: zai ji ya ƙi. Dalili kuwa gindin harshe a jikin muƙamuƙin ƙasa ya ke ɗaure. In muƙamuƙi ya yi gaba harshe ya bi shi, naman gefen maƙogwaro ya miƙe, hanya ta faɗaɗa. Dabarar tsohuwa ce, tun 1902 wani likitan baki Bafaranshe, Pierre Robin, ya ƙera irinta don yara masu ƙaramar haɓa. Amma sai a shekarun 1980 aka fara aiki da ita sosai ga manya masu yankewar numfashi.

Abin da a ke yi yanzu faranti biyu ne na roba mai ƙarfi, ɗaya ya hau haƙoran sama, ɗaya na ƙasa, an haɗa su da ɗan ƙarfe ko maɗauri yadda na ƙasa zai tsaya a gaba. Likitan haƙori ne ke ɗaukar siffar haƙoran mutum, a ƙera masa nasa shi kaɗai. Ba a tura muƙamuƙi gaba ɗaya ran farko. A kan fara da kamar rabin iyakar abin da mutum ke iya turawa, sa'an nan a riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan, milimita guda ko ƙasa da haka, cikin makonni, har minshari ya lafa. Da dare kawai a ke sa shi. Da safe a cire, a wanke da buroshi da ruwan sanyi, gama ruwan zafi ya kan lanƙwasa shi. Ba ya bukatar wuta, ba ya ƙara, yana shiga aljihun riga, ko mai tafiya aikin Hajji zai tafi da abinsa. Akwai wani iri kuma mai tsotse ƙarshen harshe ya riƙe shi a gaba, wanda aka bayyana a 1982. Shi a kan gwada wa marasa haƙora.

Ya fi amfani ga mai ciwo mai sauƙi ko matsakaici, da mai tsanani wanda ya kasa jure inji. Gaskiya ne bai kai inji ƙarfi ba. Amma mutane sun fi kwana da shi har safe, kuma injin da ke cikin akwati ba ya maganin kowa. Wani gwaji da aka yi a Sidni, aka buga a 2013, ya nuna bayan wata guda amfanin su biyun ga gyangyaɗi da hawan jini ya yi kusan daidai, saboda wannan dalili.

Akwai sharuɗɗa, kuma kada a ɓoye su. Sai mai haƙora masu ƙarfi, kamar 8 zuwa 10 a sama da kuma a ƙasa, da dasashi mai lafiya. Mai yawan giɓi ko mai ciwon mahaɗin muƙamuƙi ba zai iya ba sai an gyara. Makonnin farko a kan sami yawan miyau, ko bushewar baki, da tsamin muƙamuƙi da safe, galibi su kan wuce. Bayan shekaru haƙora su kan ɗan gusa, don haka likitan haƙori ya duba bayan wata 6, daga nan shekara shekara. Kamar mutum ɗaya cikin uku kuma ba ya yi masa amfani, kuma ba a sanin ko wane ne sai an gwada. Nan ne babban tarko ya ke: minshari yana iya dainawa, iyali su yi murna, alhali numfashi bai daina yankewa ba. Saboda haka lalle a sake awon barci da abin a baki. Ƙungiyoyin likitocin barci da na haƙori na Amurka sun rubuta wannan cikin ƙa'idarsu ta 2015, sun kuma zaɓi wanda aka ƙera wa mutum bisa awonsa a kan irin na kasuwa, wanda a ke tsomawa a ruwan zafi a ciza.

Ko da wane magani a ke yi, rage ƙiba yana taimako ƙwarai. Wani bincike a jihar Wiskonsin ta Amurka a 2000 ya nuna wanda ya rage kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, yankewar numfashinsa ta kan ragu da wajen kashi 26. Giya da ƙwayar barci su kan ƙara sakin nama, taba kuma ta kumbura shi. Kwanciyar rigingine ta fi muni. Mai wannan hali ya ɗinka ƙwallon goriba a bayan taguwar barcinsa, zai koma kwanciya a gefe ba tare da an tashe shi ba.

Cire beli a wurin wanzami ba ya maganin wannan ciwo, domin toshewar ta wuce beli, ta haɗa da harshe da bangon maƙogwaro. Ga kuma hatsarin zubar jini da aska mara tsabta. Yaro mai minshari kullum, mai barci baki buɗe, yawanci naman gefen maƙogwaronsa ne ko na bayan hanci ya yi girma. Aikin likitan maƙogwaro ne, kuma ba a sa wa yaro abin bakin manya.

Hakimi ba likita ba ne, amma maganarsa tana shiga inda ta malamin asibiti ba ta shiga. Dagacin da ke gyangyaɗi kullum ana sasanta rikicin gona, maimakon a zarge shi da lalaci a gaban jama'a, gara a keɓe shi a tambaye shi yadda ya ke kwana. Shugabannin tashar mota kuma a kira su a karanta musu tambayoyin nan 8, don su karanta wa direbobinsu. In za a tura mutum asibiti, malamin hakimi ya rubuta masa takarda ya tafi da ita: shekarunsa, da sana'arsa, da kaurin wuyansa, da amsar da ya ba kowace tambaya, da magungunan da ya ke sha, da abin da iyalinsa suka gani da dare. In direba ne a rubuta wannan a layin farko, a kuma shawarce shi ya dakata da doguwar tafiya har likita ya gan shi.