Barade 47 a kan allon katako: hoton ramuwar gayya a Japan

Wanda ya kama shirinmu na makon jiya zai tuna mun taɓo zancen wasu tsofaffin hotunan ƙasar Japan, lokaci ya ci mu ba mu kai ƙarshe ba. Rediyo kuwa ka san halinta, kunne take ciyarwa ta bar ido da yunwa. To ga bayanin a rubuce, mai karatu, ka bi shi a tsanake, don in wata rana ka ci karo da irin hoton nan a waya ko a littafi, ka san abin da kake kallo.

Hoton kansa ga yadda yake: namiji ne, fuska fari fat, ya murtuke, ya haɗa idanu wajen karan hanci, hannu a kan takobi. Kallo ɗaya za ka ce ai wani mayaƙi ne aka zana a bakin daga. To ɗan wasan kwaikwayo ne, a kan dandamali, ya fito a matsayin samurai, wato baraden Japan masu ɗaukar takobi. Wasan ana ce masa kabuki, hoton kuma da allon katako aka buga shi. In kana son misali na kusa, ka tuna fostar jaruman fim da ake mannawa a shagon aski. Aikin da wannan takarda ta yi wa mutanen birnin Edo ke nan, birnin da yau ake kira Tokiyo.

Bari mu fara da abin da ya faru da gaske. A shekarar 1701, cikin fadar shogun, wato sarkin yaƙin da ke riƙe da mulkin ƙasar, wani basarake mai suna Asano Naganori, mai mulkin yankin Ako, ya zare gajeren takobi ya sari wani babban jami'in fada, Kira Yoshinaka. Kira ya ji rauni a goshi da baya, bai mutu ba. Zare makami a fada babban laifi ne, don haka a ranar aka umarci Asano ya farke cikinsa da kansa, hukuncin da suke kira seppuku. Aka ƙwace ƙasarsa, baradensa kusan 300 suka wayi gari ba ubangida ba albashi. Irin waɗannan su ake ce wa ronin. Kira kuwa ba a taɓa shi ba, alhali al'adar baraden ta ce in mutum biyu suka yi faɗa, dukansu ake hukuntawa. Nan ƙullacin ya samo tushe.

Babban baran gidan, Oishi Kuranosuke, ya haƙura kusan shekara biyu. A daren 14 ga wata na 12 na kalandarsu, wanda ya faɗo a ƙarshen Janairun 1703, shi da mutum 46 suka dira gidan Kira, suka zaƙulo shi daga ɗakin ajiyar gawayi, suka sare kansa, suka kai kabarin ubangidansu a wurin ibadar Sengakuji, sannan suka miƙa wuya. Bayan 'yan makonni hukuma ta umarci 46 daga cikinsu su farke cikinsu. Kaburburansu na nan a Tokiyo, kuma duk 14 ga Disamba mutane na cika wurin.

Yanzu ga inda wasa ya shigo. Gwamnatin lokacin ta hana a kawo al'amuran manyan gidaje na zamani a kan dandamali. Sai marubuta suka bi ta bayan gida. A 1748, a birnin Osaka, mutum uku, Takeda Izumo da Miyoshi Shoraku da Namiki Senryu, suka rubuta wasan 'yartsana mai kashi 11 mai suna Kanadehon Chushingura, ba a jima ba 'yan kabuki suka ɗauke shi. Suka mayar da labarin baya zuwa ƙarni na 14, suka sauya sunaye: Asano ya koma Enya Hangan, Kira ya koma Ko no Moronao, Oishi Kuranosuke ya koma Oboshi Yuranosuke. Kai ma ka ji sunan nan na ƙarshe ka san ɓoyon bai yi nisa ba. Hatta sunan wasan habaici ne, domin haruffan rubutun kana da yaransu ke koyo guda 47 ne cif. Kowa ya gane, hukuma ma ta gane, aka yi shiru.

Shi kabuki, wata mata mai suna Okuni ta fara shi a Kiyoto wajen 1603. A 1629 aka hana mata hawa dandamali, shi ya sa har yau maza ke fitowa a matsayin mata. Don haka in ka ga kyakkyawar mace a hoton 'yan wasa na wancan zamani, namiji ne. Tsayuwar nan kuma da na kwatanta maka, da haɗa idanu, sunanta mie: idan wasa ya kai ƙololuwa sai ɗan wasa ya ƙame kamar gunki, 'yan kallo su yi ta kiran sunan gidansu. Wannan daƙiƙar masu zane suka fi kamawa.

To yaya ake buga hoton? Hannu huɗu ke cikinsa. Akwai mai jari, shi ke zaɓen wasa da ɗan wasa, shi ke sayarwa. Mai zane ya zana da baƙar tawada a siririyar takarda. Masassaƙi ya kifa takardar a kan allon itacen ceri ya manna, ya bi layukan da 'yan wuƙaƙe masu kaifi, ya kankare duk wurin da ba layi. A nan zanen asali yake ƙarewa, wuƙa ta cinye shi. Daga wannan allo na farko ake fitar da sauran, kusan kowane launi da nasa allon, wani hoton ya ci allo goma ko fiye. A gefen kowane allo akwai 'yar tsaga biyu da ake kira kento, inda ake dosa takarda don kada launi ya zame daga gurbinsa. Na huɗu shi ne mabugi: ya shafa launi gauraye da ɗan kunun shinkafa, ya ɗora takarda mai laima, ya murza bayanta da wani faifai da aka naɗe da ɓawon gora, sunansa baren. Babu inji ko ɗaya, ƙarfin kafaɗa ne. Bugu mai cikakkun launuka ya kankama a 1765.

Girman takardar da aka fi amfani da ita kusan santimita 39 ne a tsaye, 26 a kwance. Kuɗinta kuwa bai wuce na kwanon taliya ɗaya ko biyu a bakin titi ba. Ka ga ke nan kayan talaka ne, mai dako da 'yar aiki duk suna iya saya. Sauri kuma dole ne, don in aka sauke wasa daga dandamali, hotonsa ya zama kwantai.

Yanzu ga dabarar karanta hoton. Fara da tambarin da ke jikin riga. Mudu uku masu kusurwa huɗu, ɗaya cikin ɗaya, na gidan Ichikawa Danjuro ne, babban gidan 'yan wasan Edo. Wasu alamu biyu kamar waƙafi suna bin juna cikin da'ira, Yuranosuke ke nan. Gashin shaho biyu a gicciye, gidan Enya. Riga mai baƙi da fari kamar haƙoran zarto, ta daren farmaki ce. In ka ga mutum yana karanta doguwar wasiƙa, mace daga bene tana leƙenta ta madubi, wani tsoho kuma ya laɓe a ƙarƙashin daɓen katako yana jan jelar takardar, to kashi na 7 ne, inda Yuranosuke ke shashanci a gidan shaƙatawa don maƙiya su ɗauka ya manta da ubangidansa.

Akwai kuma wani labarin ramuwar da ya girmi wannan, na 'yan'uwa biyu, Soga Juro da Soga Goro, waɗanda suka kashe wanda ya kashe mahaifinsu a 1193, lokacin wata farauta a gindin dutsen Fuji. Gidajen wasan Edo sun mayar da shi al'adar sabuwar shekara. Goro, ƙanin, mai zafin kai, za ka gane shi da malam-buɗe-littafi a riga da jajayen layuka a fuska. Wansa Juro tsuntsayen bakin ruwa ne a tasa rigar.

Cikin masu zane, sunaye uku za ka riƙe. Sharaku ya ɓullo a 1794, ya yi aiki wata goma, ya bar hotuna kusan 140, ya ɓace. Hotunansa 28 na farko manyan fuskoki ne a kan duhu mai ƙyalli, biyu daga wasanni ukun da ya zana kuma na ramuwar gayya ne. Bai yi wa kowa kwalliya ba, mai dogon hanci ya ba shi hancinsa. Kunisada, wanda ya rasu a 1865, shi ne sarkin kasuwa, zanensa ya kai dubbai. Kuniyoshi kuwa, a 1847 zuwa 1848, ya fitar da jerin da ya bai wa kowane barde cikin 47 ɗin nan takardarsa da taƙaitaccen tarihinsa.

Hukuma fa ba ta yi barci ba. Tun wajen 1790 kowane hoto sai ya samu hatimin masu tacewa. A 1842 aka hana hoton 'yan wasa ɗungurungum, aka tattara gidajen wasa zuwa gefen gari a Asakusa, aka kori Danjuro na 7 daga Edo saboda almubazzaranci. Me masu zane suka yi? Suka daina rubuta sunan ɗan wasa, suka bar fuska ta yi magana. Kuniyoshi har kyanwa da kifi ya zana da fuskokin taurarin, masu saye suna gani suna dariya.

To mai karatu, ga abin da ya sa na ce mu koma kan zancen nan. Hoton yana da kyau, kuma kyan nasa yana iya sa ka manta da waɗanda aka bari a waje. A daren nan an kashe mutanen gidan Kira fiye da 15, waɗanda ba su da hannu a faɗan fada. Kira kansa dattijo ne ya haura 60. Jikansa da ya gaje shi aka kore shi, ya mutu yana saurayi. Cikin waɗanda suka farke ciki akwai ɗan Oishi, bai wuce shekara 16 ba. Labarin da wasan ya bayar, wai mugun ya nemi matar Enya ne, marubuta suka aro shi daga wani tsohon labari suka jingina masa. A yankin da Kira ya mulka, cikin jihar Aichi ta yau, mutane na tuna shi da alheri, har suna danganta masa wata madatsa da ta kare gonakinsu daga ambaliya. Amma wa zai sayi hoton madatsa?

Su kansu Japanawa ba su taɓa haɗa baki a kai ba. Tun a lokacin malamansu suka rabu, wasu na cewa amana ce aka riƙe, wasu na cewa doka aka taka. Gwamnatin shogun tana ba da izinin ramuwa a rubuce ga wanda aka kashe wa uba ko wa, amma waɗannan 47 ba su da irin wannan izini. A 1873 sabuwar gwamnatin Meiji ta haramta ramuwar gayya gaba ɗaya, ta ce hukunci na hukuma ne. Bayan yaƙin duniya na biyu ma sojojin Amurka da suka mamaye ƙasar sun dakatar da wasan, sai a 1947 ya dawo.

Mu ma muna da maganarmu, wai rama cuta ga macuci ibada ne, kuma ba a rasa masu faɗinta da ƙarfi a layin wayarmu duk ranar da aka kawo labarin rikici. Ni dai abin da na ɗauka daga hotunan nan shi ne, mai jari ya zaɓi daƙiƙar da za ta sayu, mai zane ya gyara ta, mai saye ya rataye ta a ɗaki, shekara ta bi shekara har hoton ya maye gurbin abin da ya faru. In an turo maka hoto ko bidiyo ana zuga ka a kan wasu, ka yi masa tambayoyin da muka yi wa wannan: wa ya buga shi, me yake so a saya, su wa aka bari a waje?

A shiri na gaba za mu buɗe layi a kan tambaya ɗaya: da kai ne shogun a 1703, me za ka yi da mutanen nan 47? Ka shirya amsarka. Sai mun ji ku, a huta lafiya.