Ramuwar gayya a fim ɗin kaboyi: yadda «Il était une fois dans l'Ouest» ya raba kan ƴan kallo

A watan Disamba na 1968 aka fara nuna wani fim ɗin kaboyi a gidajen sinima na Italiya mai suna C'era una volta il West, wanda masu jin Faransanci suka sani da «Il était une fois dans l'Ouest». Sergio Leone ne ya ba da umarninsa, tsawonsa kuma minti 165 ne. Labarin wani mutum ne da ya shafe shekaru yana neman wanda ya kashe masa wa. Sama da shekara hamsin ke nan, amma har yau ƴan kallo ba su daidaita a kansa ba. Wasu na sa shi a sahun gaba na finafinan kaboyi, wasu kuma na cewa barci ke ɗauke su kafin a yi harbin farko.

Rikici a kan ruwa

Labarin ya taso ne daga ruwa. Wani manomi, Brett McBain, ya sayi fili a tsakiyar hamada a yammacin Amurka, domin ya san nan kaɗai ke da ruwa a yankin, kuma jirgin ƙasa na wancan zamani ba ya tafiya sai da ruwa. Duk ranar da layin dogo ya iso, filin zai zama tasha. Attajirin da ke shimfiɗa layin, Morton, ya tura ɗan bindigarsa Frank don ya tsoratar da manomin. Frank ya hallaka shi da ƴaƴansa uku, ya kuma ɗora laifin a kan wani ɗan fashi, Cheyenne. Abin da bai sani ba shi ne McBain ya yi sabon aure a ɓoye, kuma amaryar, Jill, tana kan hanya, ita ce magajiyar filin.

Ana cikin haka wani baƙo ya sauka daga jirgi, ba ya faɗin sunansa, sai busa wata ƴar sarewar baki da ake kira armonika. Duk lokacin da Frank ya tambaye shi ko shi wane ne, sai ya lissafa masa sunayen mutanen da Frank ɗin ya kashe. Charles Bronson ne ya fito a wannan matsayi, Claudia Cardinale haifaffiyar Tunisiya ta fito a Jill, Jason Robards kuma Cheyenne. An ɗauki yawancin fim ɗin a yankin Almeriya na Sifen da kuma Roma, wani ɓangare a Monument Valley ta Amurka.

Masu gaggawa da masu haƙuri

Saɓanin farko a kan jinkiri ne. Fim ɗin ya buɗe da ƴan bindiga uku suna jiran jirgi a wata tasha, fiye da minti goma kusan babu magana, babu kiɗa. Ƙuda na damun ɗaya, ruwa na ɗiga a kan hular wani, na ukun na lanƙwasa yatsu. Wanda ya saba da kaboyi mai harbi kowane minti biyar, a nan yake fara ƙosawa.

A Amurka an ga hakan ƙarara a 1969. Masu sharhi da dama sun koka da tsawon fim ɗin, har kamfanin Paramount ya datse kusan minti 20 daga ciki. Datsewar ta haɗa da wurin da aka fara gabatar da Cheyenne da wurin mutuwarsa, sai labarin ya ƙara rikicewa, kasuwar fim ɗin kuma ba ta yi armashi a can ba.

A Turai abin ya sha bamban. A Faransa an sayar da tikiti sama da miliyan 14, a Jamus ta Yamma kimanin miliyan 13, kuma dogayen rigunan da ƴan bindigar suka sa sun zama abin yayi a birnin Paris. Masoya fim ɗin na cewa jinkirin shi ne gishirinsa: mai ramuwa ya yi shekaru yana jira, don haka Leone ya sa ɗan kallo ya ɗanɗani jiran. Suna kuma yaba kiɗan Ennio Morricone, wanda ya tsara shi tun kafin a fara ɗaukar hoto, ya ba kowane babban ɗan wasa nasa sautin. Daga baya Amurka ma ta sauya ra'ayi, domin a 2009 ɗakin karatu na majalisar dokokin ƙasar ya sa fim ɗin cikin jerin waɗanda ake adanawa saboda muhimmancinsu.

Mutumin kirki ya zama bos

Abu na biyu da ya girgiza ƴan kallo shi ne wanda ya fito a Frank. Henry Fonda ya yi shekaru yana fitowa a matsayin mai gaskiya da riƙon amana, har ya taɓa fitowa a Abraham Lincoln yana matashi. Da ya isa wurin aiki, ya sa ɗan siririn gilashin da ake liƙawa a kan ƙwayar ido, wanda ya mayar da idanunsa launin ƙasa, don ya yi kama da mugu, Leone ya ce ya cire. Fuskar da jama'a suka amince da ita yake so su gani a lokacin da Frank ya ɗaga bindiga ya harbe ƙaramin yaron McBain. Wasu masoyan Fonda ba su ji daɗin haka ba. Wasu kuma na ganin darasi ne, cewa azzalumi ba lallai ya zo da baƙar fuska ba.

Ana kuma muhawara a kan Jill. Akwai masu ganin ita ce ginshiƙin labarin, abin da ba a saba gani ba a finafinan Leone na baya, inda mata ba su da wani matsayi. Akwai kuma masu sukar yadda kusan kowane namiji a fim ɗin ke mu'amala da ita da ƙarfi ko da raini, ciki har da waɗanda ake ɗauka a matsayin masu kare ta.

Shin ramuwar ta biya?

Hausawa na cewa ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi, kuma a nan ne babban saɓanin yake. Sai a ƙarshen fim aka bayyana dalilin baƙon. Yana yaro, Frank ya sa wa wansa igiya a wuya, ya tsayar da wan a kan kafaɗun yaron, ya cusa masa armonika a baki. Da yaron ya faɗi, wan ya mutu. Shekaru bayan haka, da baƙon ya harbe Frank, bai faɗi sunansa ba, sai ya mayar masa da armonikar a baki.

Ga wasu ƴan kallo, wannan ramuwa ce da ta cika, daidai wa daida. Suna tuna yadda baƙon ya taimaki Frank ya tsira lokacin da yaransa suka ci amanarsa, don kada wani ya riga shi. Wasu kuwa na kallon abin da ya biyo baya. Mai ramuwar bai yi murna ba, bai zauna da Jill ba, ba shi da gida ko sana'a, ya hau doki ya tafi da gawar Cheyenne. Hoton ƙarshe na Jill ne tana raba ruwa ga leburorin layin dogo, gari na tasowa a kewaye da ita. A fahimtar waɗannan, Leone ya nuna cewa mutumin ya ƙarar da rayuwarsa a kan abu guda, da ya same shi kuma bai rage da komai ba.

Kaboyi a idon Nijar

Tambayar abin da matasa ke ɗauka daga irin waɗannan finafinai ba baƙuwa ba ce a Nijar. A 1966, shekara biyu kafin fim ɗin Leone, Moustapha Alassane, wanda daga baya ya zauna a Tawa, ya fitar da «Le Retour d'un aventurier». Wani saurayi ne ya dawo daga tafiya da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka sauya sunaye, suka hau dawakai, suka addabi ƙauyensu. Zalika Souley da Djingarey Maïga na cikin ƴan wasan. Alassane ya nuna matasan da suka kwashi hula da bindiga suka bar sauran.

Mai son ya yanke wa fim ɗin Leone nasa hukuncin, gara ya nemi cikakken mai minti 165, domin a wanda aka datse ba a ga yadda Cheyenne ya ƙare ba.