Makafin Bauchi Sun Sami Sabon Ɗan Jagora, Amma Da Sauran Aiki

BAUCHI: Duk wanda ya zauna Ikko ko Badun ya san makafin Arewa da ke bara a Ebute Metta, da Agege, da Sabo, yaro na ja musu gora. Da yawansu sun baro gida ne saboda an ɗauka makaho ba shi da sana'a sai roƙo. To, abin da ke gudana a Bauchi ya isa ya sa a sake tunani.

Karatun makafi ya daɗe a wannan yanki. Tun 1953 aka buɗe makarantar makafi a Gindiri, cikin Jihar Filato ta yanzu. A garin Bauchi kuma akwai makarantar gwamnati a unguwar Yalwa inda ake koyar da makafi da kurame. Makafi na koyon rubutun Burel, watau ɗigo shida masu tudu da ake shafawa da yatsa, wanda wani makaho Bafaranshe, Louis Braille, ya ƙago a 1824. Sai dai littafin Burel na da tsada da nauyi, ga wuyar samu.

Wayar hannu ce ta kawo sauƙi. Wayoyin Android na da wata manhaja, TalkBack, iPhone kuma na da VoiceOver. In an kunna, duk inda makaho ya ɗora yatsa sai wayar ta faɗa masa abin da ke wurin. Ga mai kwamfuta kuma akwai NVDA, wadda wasu makafi biyu 'yan Ostareliya suka soma a 2006, kyauta ake samunta. Da waɗannan makaho zai karanta saƙonsa, ya duba kuɗinsa a banki, ba sai ya miƙa asirinsa ga wani ba.

Amma fa wannan ɗan jagora rubutu kaɗai ya fi ganewa. Idan mai shafin intanet ya liƙa sanarwa a hoto bai rubuta bayaninta ba, ko ya bar maɓalli ba suna, sai makaho ya tsaya cik. Tun 1999 ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin intanet ta fitar da sharuɗɗan kauce wa haka, amma shafuna da yawa ba su bi. Har ila yau muryar da ke zuwa da galibin wayoyi ta Turanci ce, in ta ci karo da Hausa sai ta dagula ta, balle ɓ, da ɗ, da ƙ.

Abin ba na wasa ba ne, domin neman makaranta da neman aiki duk sun koma intanet. Hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta duka ta kwamfuta a 2015. A 2017 ta kafa kwamiti ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola don makafi, Bauchi kuwa ta shiga cikin garuruwan da aka yi musu jarrabawar.

Ta fuskar doka, Bauchi ta riga Tarayya. A 2010, zamanin Gwamna Isa Yuguda, jihar ta yi dokar kafa hukumar kula da naƙasassu. Ta Tarayya sai a Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa mata hannu, aka ba da shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda gurgu da makaho za su iya shiga. Wa'adin ya cika a 2024. Ƙofar da ke intanet ita ma tana bukatar irin wannan gyara.

Kafin nan, mazauna Kurmi masu ɗan'uwa makaho a gida na da abin yi. In za a aika masa waya, a kunna masa TalkBack, a sami wanda zai koya masa. In za a tura saƙo, a tura murya ko rubutu, kada a tura hoton takarda. In kuwa yaro ne, kuɗin motar da za a kawo shi Ikko bara gara a kai shi Yalwa da su. Allah Ya sa a gane.